Ba Ta Juya Faifan Ba

Da Dustin ya ɗaga ƙofar garejin, Marisela ta yi sororo. Koren tukkun nan da ta rina masa da hannunta babu shi, an yi masa aski ƙwal irin na sababbin sojoji.

Faifansu ne ke juyawa, na mawaƙan pank ɗin nan, masu kiɗan ihu da bore, da suka rera labarin yaro guda: a fuskar farko ya tafi yaƙi, a ta biyu aka dawo da shi cikin akwati. Tare suka haddace shi, tare suka yi ihunsa a zanga-zangar ƙin yaƙin Iraƙi.

"Ka sa hannun shiga soja ke nan," ta ce.

"Me ya rage min a garin nan na Fresno, Mari? Ihu ba ya ba mutum aiki." Ya sunkuyar da kai. "Ki aure ni kafin in tafi."

"Don sojoji su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa su miƙo min tutar da aka lulluɓe akwatin gawarka da ita? Kai, Dustin, ba ka da imani!"

Fuskar farko ta ƙare, allurar da ke bin faifan na ta ƙarce.

"Juya mana shi," ya ce a hankali.

Ta danne faifan da tafin hannu, ba ta dube shi ba. "Na san yadda yake ƙarewa."