Marinin da ya ɓoye cikinsa

Tanimu, Ladidi, Gambo, ku matso nan ku zauna. Na gaji da musunku a kan ciwon kan babanku, wannan ya ce sammu, wancan ya ce rana. Ku ji misali.

An yi wani marini da ciwon kai ya sa a gaba. In ya taso masa, sai ya ji kamar ana buga masa taɓarya a goshi, ko hasken ƙofa ba ya son gani. Duk wanda ya gaishe shi sai ya ji labarin kan nan. Wanzami ya yi masa ƙaho a ƙeya, ya sha ƙwayoyi har ya gaji. Da aka ce warin baban rini ne, ya bar wa wani raminsa na rini da ya gada, ya koma gida ya zauna. Kai bai daina ba.

Ashe akwai abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Kafin kan ya sara, cikinsa ne ke fara kumbura kamar ganga, ya yi ta murɗa. Wani lokaci buta ba ta hutawa, wani lokaci kuma ya kwana biyu bai zaga ba. Amma dattijo da gemunsa, ina zai buɗe baki ya yi zancen bayan gida? Ko da ya je asibiti likita ya tambaye shi, "Cikinka fa?" cewa ya yi lafiya lau. Sai da wuya ta kai wuya ya koma ya faɗi gaskiya, kansa a sunkuye. Likita ya ce ai hanji mai saurin tashi da ciwon kai sukan yi tafiya tare, damuwa da wani abincin sukan tayar da su duka biyun. Aka gyara masa ci da barci, aka ba shi magani. Ciki ya lafa, kai ya yi sauƙi. Ramin kuwa ya riga ya zama na wani. Shi ya sa Hausawa suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

To, ni nake cika wa babanku buta, na san abin da na sani. Shi ba zai faɗa ba. Ku daidaita tsakaninku yau, wa zai kai shi asibiti, ya kuma faɗi na cikin a madadinsa.