Ƙasar Ginshiƙi a Cikin Hankici

Wa ya kayar da ginshiƙin tsohuwar fada? Wanda ya fara ƙwaƙularsa, ko wanda ya zo ƙarshe? Na daɗe ina juya tambayar nan a raina, ban samu amsa ba. Ga dai yadda aka yi.

Baba Mai Makulli ya shekara talatin yana zagayawa da baƙi cikin fadar, kuma bai yarda da kowa ba. In ka matsa kusa da bango, ya tsare ka da ido. In ka sa hannu a aljihu, ya yi gyaran murya. Dalilinsa shi ne, mutane sun ɗauka ƙasar da ke riƙe da duwatsun ginshiƙin ɗakin shari'a, inda sarakunan dā ke jingina, tana sa kwarjini. Kowa ya zo sai ya ɗan ƙwaƙula.

Wata Asabar wani tela ya zo da matarsa. Suka ga ɗakin makamai, da rijiyar tsakar gida, da ƙofar da sai ƙarti huɗu ke iya turawa. Baba na nuna wa sauran baƙi zanen rufi, tela ya zaro ɗan almakashinsa, ya kankari ƙasar, ya ƙulle a hankici. Shugabancin ƙungiyar teloli yake nema.

"Kai da ko kaza ba ta shakkarka," matar ta raɗa masa, "sai dai ka ɗauki ginshiƙin gaba ɗaya."

A bakin ƙofa Baba ya tare shi. "Ɗana, zazzage mini aljihunka."

"Haba Baba! Na yi maka kama da ɓarawo?"

"Duk masu fita ta nan da mutanen kirki suke kama. Zazzage."

"Wallahi ba zan zazzage ba!" Ya ja matarsa suka wuce.

Bayan kwana tara, da hantsi, Baba na shara, ginshiƙin ya zame. Dutse ya danne masa ƙafa. A asibiti aka yanke ta.

Da masu kula da fadar suka ga ramin da ke jikin ginshiƙin, sai aka shiga kallon-kallo. Wa ke riƙe da makulli? Wa ke shiga shi kaɗai? Kafin mako ya zagayo, magana ta cika gari cewa tsohon nan zinariyar sarakuna yake haƙa, shi ya sa yake korar mutane daga wurin. Waɗanda suka fi ɗaga murya, da yawansu akwai ƙullin ƙasar a gidajensu. Aka karɓe makullan, aka sa ranar tuhumarsa.

Tela ya kasa ɗinki. "Abin da na ɗiba bai cika cokali ba fa," ya ce wa matarsa.

"Kowa ma cokali ya ɗiba," ta ce. "Shi kuwa ƙafa ya bayar. Yanzu sunansa za a haɗa."

Jama'a, kayan tarihi amana ne. Ɗan abin da ka ɗauka kana cewa ba komai, akwai wanda zai biya shi da jikinsa ko da mutuncinsa.

Ranar zaman, Baba na kan keken guragu, tela ya ratso mutane ya durƙusa gabansa. Ya juyo aljihunsa waje, ya kwance hankicin a gaban kowa.

"Baba, ga shi na zazzage."