Tafin Hannun Barira

Tun da aka kafa dokar bibbiyu, ƙofar jami'a ba ta karɓar namiji sai mace ta ɗora tafin hannunta kusa da nasa, a ɗauke su tare.

Barira ta ci jarrabawa da guminta. Ranar shiga ta zo da ƙaninta Sagir, suka ɗora hannu a gilashin ƙofar.

Ƙofar ta ce, "Barka da dawowa, Likita Barira. Kin riga kin gama. Ba a shiga sau biyu."

"Ni? Wallahi ban taɓa zama a aji a nan ba!"

Tsohon mai gadi ya dube ta. "'Yata, ba wanda ya taɓa kawo ki nan kina ƙarama?"

Sai ta tuna. Kawu Ilu ne. Ya kawo ta tare da ɗansa, ya ce ta taɓa gilashin ta ga fitila, sannan ya saya mata alewa. Ɗan nan yau likita ne.

"Innalillahi! Baba, to wa ya zauna a kujerata?"

Mai gadi ya nuna ciki da haɓa. Ɗalibai na fitowa daga aji, hula bayan hula, babu ɗankwali ko ɗaya. A samansu allo yana haskawa: mata rabi, maza rabi.