Littafi na Hamsin da Biyu

A jikin bangon ɗakin karatu na Jimeta akwai wani kwali mai sunayen 'yan ƙungiyar masu karatu su goma sha ɗaya, kowane suna da layinsa. Duk wanda ya gama littafi, ya tashi ran Asabar ya faɗi ra'ayinsa, sai Selina mai kula da littattafai ta ɗiga masa jan tawada. A Disambar 1972 layin Malam Hamajoɗa yana da ɗigo hamsin da ɗaya. Na Apollos, malamin asibiti, shi ma hamsin da ɗaya.

Hamajoɗa tsohon hedimasta ne, kuma harshensa ya fi bulalarsa zafi. Yana alfahari cewa shafi ɗaya ya ishe shi ya yanke wa littafi hukunci. Kowa a ƙungiyar ya haddace labarin da yake bayarwa, na yadda tun yana saurayi ya tsinci wani labari da aka rubuta da hannu a littattafan makaranta guda uku, ya karanta wa abokansa shafin farko suka sha dariya, ya tura sauran cikin murhu.

Bara ne Apollos ya taɓa shi inda ke masa ciwo. A gaban kowa ya ce, "Hedimasta dai bango yake karantawa." Aka yi dariya. Hamajoɗa bai manta ko ɗaya daga cikin waɗanda suka dara ba. Ya rantse bana sai ya cika hamsin da biyu, littafi ɗaya kowane mako, sannan ya tsaya a gabansu ya wanke Apollos tas.

Sai dai tun watan Maris yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya sayi baƙin tabarau, ya ce rana ce ke damunsa. Ya jingine Vespa, ya ce mai ya yi tsada, ya koma shiga motar haya daga Yola. Ba wanda ya san gaskiya sai yayarsa Adda Aminatu, wadda ta dawo gidan tun rasuwar mijinta. Ta yi makarantar horon malamai a zamaninta, ba ta da yawan magana. Kullum bayan la'asar sai ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya ta karanta masa, shi kuma yana gyara mata karatu. Duk tsawon watannin nan ba ta taɓa ce masa uffan ba.

Al'adar ƙungiyar ce littafin ƙarshe kowa shi zai karanta, a yi muhawara a kansa. Na bana sabo ne fil, mai koren bango. Ran da ya kawo shi, Adda ta juya shi a hannu ta ce, "Wannan zan karanta maka da kyau."

Ta kuwa karanta da kyau. Labarin wata mata ce mai sana'ar fito da kwalekwale a Binuwai, wadda danginta suka raina. Layin farko ya yi masa kamar ya taɓa jin sa, amma bai tsaya tunani ba, labarin ya riga ya tafi da shi. Muryar Adda ba ta sarƙe ko sau ɗaya, ba ta ma tsayawa irin tsayawar mai neman shafi. Kwana shida bai gyara mata kalma ba. A rana ta ƙarshe ya cire tabarau ya goge ido, ya ce hayaƙin kicin ne.

Ran Asabar ɗakin ya cika. Hamajoɗa ya nemi a fara da shi. Rabin awa ya yi yana magana: ambaliya, kwalekwalen da ya kife, yadda matar ta fito da yayanta da ya fi kowa zaginta. Ya ce a shekara arba'in na karatunsa bai ga irinsa ba, wanda ya rubuta shi kuwa ya cancanci a ɗaukar masa takalmi. Sannan ya juya wajen da yake jin numfashin Apollos ya ce, "To, mai bango ya gama. Bari mu ji masu ciki."

Ba wanda ya yi tafi. Wata kujera ta yi ƙara.

"Hedimasta," Apollos ya ce a hankali, "wannan littafi fa labarin soja ne. Ba kogi a ciki, ba mata mai kwalekwale."

Hamajoɗa ya ce ƙarya ne, ya buga littafin a tebur. Selina ta ɗauka ta buɗe. Ta ce, "Malam, shafukan a manne suke ta sama yadda suka zo daga maɗaba'a. Ba a yanka ko ɗaya ba."

Dariyar bana ta fi ta bara. Ya laluba ƙofa da hannu, kowa ya gani, kowa ya gane. Ɗigo na hamsin da biyu ya tafi layin Apollos.

Da Hamajoɗa ya koma gida ya iske Adda a gindin darbejiya tana tsinkar yakuwa. Da fushi ya shigo, amma tambayar da ta fito daga bakinsa ba ita ya shirya ba.

"Adda, wa ya rubuta abin da kika karanta mini?"

"Ya yi daɗi?"

Ya zauna a bakin tabarma ya ce, "Ya yi."

Ta kakkaɓe zanenta ta ɗauki kwanon.

"Wancan karon shafi ɗaya ka karanta kafin ka sa mini shi a murhu, Hamajoɗa. Yanzu ka ji sauran."