Buhun da Yoyo Ya Jiƙa

Har yau ƙamshin ɗanyar gyaɗa yakan mayar da ni rumfar awo a Fagge, ranar da na raka Baba da buhunansa. Mai duba gyaɗa ba ya buɗe kowane buhu. Kaɗan yake sokawa da wani ƙarfe mai rami, abin da ya zubo shi ke yanke wa sauran hukunci. In ya ga fumfuna, kayan duka sun faɗi.

Mai dubawar ya dube ni ya ce, "Yarinya, zaɓar mana wanda za a soka."

Na san buhun da yoyon ɗakinmu ya jiƙa, ga shi can a gefe. Na ɗaga hannu zan nuna nesa da shi.

Baba ya ce, "Malam, ta san kayan nan. Bari ta rufe ido."

Ya rufe min fuska da tafinsa, ya jujjuya ni. Tafin sharkaf da gumi.

Na manta buhun da na nuna. Abin da ban manta ba shi ne, duk tsoron da yake ji, bai bar min ko 'yar kafa tsakanin yatsunsa ba.