Masu Ganguna a Ƙofar Kanti

Da manajan ya hango jama'a sun nufo kantin da ganguna da ihu, sai ya ruga bakin ƙofa. Bai daɗe da buɗe wa kamfani reshen Kafanchan ba, ga rediyo da talabijin maƙil. Rabonsa da jin irin wannan ihun tun kafin yaƙin basasa, ranar da aka ƙone shagon mahaifinsa.

Ya ja ƙofar ƙarfe yana addu'a.

Aka ƙwanƙwasa. Ya leƙa, sai ga tsohuwa da kujera a ka.

"Ɗana, buɗe mana! Daga Kagoma muke. An ce yau za a nuna masu rawan garinmu cikin akwatin nan naku."

Dariya ta kuɓuce masa har da hawaye. Ya turo babban talabijin bakin ƙofa.