A Yi Mata ko a Bari

Ya shige ɗakin ajiyar kaya ya turo ƙofa, ya zauna kan kwalin ledojin ƙarin ruwa. Ta jikin bango yana jiyo yayarsa tana kiran sunan mahaifiyarsu. Tsohuwar ba ta amsawa. Bakinta ya karkace tun da hantsi, hannun dama ya saki.

Ruwan jiya ya cinye gada, maganar babban asibiti ba ta taso ba. Abin da ya rage allura ɗaya ce. Ko ta narkar da jinin da ya toshe, ko ta ɓalle shi a cikin kai. Lokacin yin ta kuma yana ƙurewa.

Ya kira wani tsohon malaminsa, waya a kashe. Ya kira abokinsa, ta yi ta ringi har ta gaji. Sai ya buɗe manhajar nan mai amsa tambaya, wadda kullum yake yi wa ƙannensa tsiya a kanta.

Ya rubuta wa manhajar sunan allurar, bai kuskure ko harafi ɗaya ba. Ya zuba mata shekarun tsohuwa, da awon jininta, da ƙwayoyin da take sha.

Manhajar ba ta yi rowa ba. Ta jera amfani, ta jera haɗari, har da jajantawa, baiwar Allah. Ba abin da ta faɗa da bai sani ba. Shi ba karatu ya zo nema ba, wanda zai kama masa kayan nan yake nema.

Ya rubuta: "Uwata ce. Ki ce mini a yi ko a bari."

Ta ce ita ba likita ba ce, ba ta da lasisi, kuma ba ta ga mara lafiyar ba.

Ya roƙe ta. Ya ce ta ɗauka wasa ne. Ya zage ta, ya dawo ya ba ta haƙuri, babba da shi. Amsar ba ta sauya ba: wannan hukunci na likita ne, ya nemi wanda ya fi kusa da shi, yanzu-yanzu.

Ya kifa wayar a cinya. Yayar ta bar kira, ta koma kuka.

Aka ƙwanƙwasa. Ya share fuska da hannun riga ya buɗe. Nas ce tsaye, allurar na kan faranti, dangi sun yi cirko-cirko a bayanta.

Ta ce, "Likita, kai muke jira."